A BA YARO JARI YA JUYA

Jawabin da wani ɗan ƙungiyarmu, malamin makaranta da ya yi ritaya, ya gabatar a babban taronmu na shekara-shekara. Mun buga shi kamar yadda ya karanta shi.



Da farko ina godiya ga kwamitin shirya wannan taro da ya ga dacewar a ba ni wannan dama. Ranar da Sakatare ya kawo mini takardar gayyata na ce masa, a cikinmu akwai farfesoshi, akwai manyan sakatarori, akwai waɗanda suka riƙe kwamishina, don me za a tsallake su a zo kan wanda ya ƙare ƙarfinsa da alli a hannu? Ya ce ai dalilin ke nan. To, na karɓa. Amma ina roƙon malamanmu da ke layin gaba su yi mini afuwa in sun ji muryata tana rawa. Har yau in na tsaya gabansu gwiwata kan yi sanyi, kamar safiyar da aka fito da ni gaban asambile don na tsallake katanga na tafi kallon dambe.

An ce in yi magana a kan yadda za a koya wa yaran ƙaramar sakandare, wato 'yan shekara 12 zuwa 15, neman na kansu. Maganata guda ɗaya ce, kuma zan faɗe ta tun yanzu, don wanda barci zai ɗauka ya tafi da ita gida. Ba a koyon kasuwanci a kan allo. Sai an danƙa wa yaro jari na gaske, kome ƙanƙantarsa, ya juya shi da hannunsa, ya rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, ya ɗanɗani riba ko faɗuwa. A ƙarshen jawabin kuma zan roƙi wannan ƙungiya wani abu, saboda haka kowa ya dafe aljihunsa.

MABUƊIN SITO

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Zan fara da laifina.

Da yawa daga cikinmu sun tuna yadda tsarin 6-3-3-4 ya zo. An yi babban taron duba manhaja a Legas a 1969, aka fito da manufar ilmi ta ƙasa a 1977, aka fara aiki da sabon tsarin a 1982. Niyyar kuwa mai kyau ce. An so a cikin shekara uku na ƙaramar sakandare yaro ya taɓa aikin katako, da na ƙarfe, da na lantarki, da noma, da tattalin gida, da kasuwanci, ta yadda wanda bai zarce babbar sakandare ba zai fita da wani abu a hannunsa. Gwamnati ta yi odar injuna da kayan aiki daga ƙasashen Gabashin Turai, aka rarraba wa makarantu.

A 1984 aka tura ni wata makaranta, ina sabon malami. Ban daɗe ba sai ga babbar mota ta sauke akwatuna na katako a gaban ofis. Ni ne ƙarami a cikin malamai, sai aka miƙo mini mabuɗin sito, aka ce in sa hannu. Makarantar ba wutar lantarki, ba ɗakin koyon sana'a, kuma ba a horar da kowa a cikinmu a kan injunan ba. Wannan ba laifina ba ne. Amma a cikin akwatunan akwai zartuna, da gudumomi, da sauran ƙananan kayan hannu waɗanda ba ruwansu da lantarki. Su ma na kulle, don ina tsoron in ɗaya ya ɓace a cire a albashina.

Shekara shida ina riƙe da mabuɗin nan. Ina zana zarto a kan allo, yara suna kwafa, suna haddace sunayen sassansa, suna cin jarrabawa. Zarton gaske kuwa yana bayan bango, tsakaninsa da su bai fi taku ashirin ba. Ranar da aka yi mini canji na miƙa mabuɗi ina alfahari, ko ƙusa ɗaya ba ta ɓace ba. Gara ta cinye gindin akwatunan, tsatsa ta kama ƙarfen, amma lissafi ya cika.

Bayan shekaru masu yawa na sauka a wata tashar mota, sai wani magidanci da ke ɗaukar kaya ya ajiye baronsa ya durƙusa ya gaishe ni. Ɗalibina ne na wancan lokaci. Muna cikin gaisawa ya ce, "Malam, har yanzu ban manta da sassan zarto ba." Wallahi ba da baƙar magana ya faɗa ba, so yake ya faranta mini rai. Daren nan ban yi barci ba.

ABIN DA MUKA TARAR A GIDA

Jama'a, koya wa yaro neman na kansa ba baƙon abu ba ne gare mu. Ku shiga Kasuwar Kurmi ko Kantin Kwari a Kano, ko kasuwar kowane gari namu, ku dubi yadda ake renon yaron shago. Da shara yake farawa, sai aike, sai ya zauna yana sauraron yadda ubangidansa ke ciniki, yaushe yake cewa albarka, yaushe yake sallamawa. Sannan a bar shi ya sayar da ƙananan kaya. In an ga amanarsa a aike shi sari. Daga ƙarshe a sallame shi da jari, ya buɗe nasa. Ba wanda ya taɓa tambayarsa ma'anar kasuwanci, amma kowane mataki sai ya taka da ƙafarsa. Haka uwa take koya wa 'yarta a cikin gida, daga gwada mudu har zuwa zubin adashi.

Irin wannan makaranta ce ta fitar da Alhaji Alhasan Ɗantata, wanda aka haifa a 1877. A hanyar fataucin goro zuwa Gwanja ya koyi abin da ya koya. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kamfanonin Turawa suka shiga neman gyaɗa, sai dama ta same shi a shirye. Lokacin da ya rasu a 1955 ana lissafa shi a kan gaba cikin attajiran Afirka ta Yamma.

Amma mu faɗi gaskiya, wannan hanya tana da giɓi. Yawancin lissafi a ka yake, ba a takarda ba. Dukanmu mun san gidajen da suka rushe ranar da maigida ya kwanta dama, don ba wanda ya san wa ake bi, wa ke bi. Makarantar boko kuwa tana da takarda da alƙalami, amma ta rasa kasuwa. Makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da sashen koyon sana'o'in hannu, amma da tafiya ta yi nisa sai aikin ofis ya rinjayi zukata. Mu kanmu da wane buri muka shigo makarantar nan? Mu zama akawu, mu zama Di'o, mu sami gidan gwamnati da bashin mota. Abin da nake kira gare shi shi ne a haɗa aure tsakanin waɗannan biyu: hannun kasuwa da alƙalamin makaranta.

ABIN DA WASU SUKA GWADA

Masana ilmi sun daɗe da sanin wannan hanya. A Amurka, John Dewey ya buɗe wata ƙaramar makarantar gwaji a Jami'ar Shikago a 1896, inda yara ke koyon lissafi da kimiyya ta hanyar girki da saƙa da aikin katako. Almajirinsa, William Kilpatrick, ya rubuta wata sananniyar maƙala a 1918 a kan koyo ta hanyar ɗaukar aiki guda a kai shi ƙarshe. Ya ce irin wannan aiki yana da matakai huɗu: yara su ƙudurta abin da za su yi, su tsara shi, su aikata shi, sannan su zauna su auna abin da suka yi. Ku lura, duka huɗun yara ne ke yi. Malami jagora ne kawai.

A 1919 aka kafa ƙungiyar Junior Achievement a can Amurka. Abin da aka san ta da shi shi ne, ɗalibai su kafa ƙaramin kamfani, su sayar da hannun jari, su zaɓi shugabanni, su yi kaya su sayar, a ƙarshe su rufe littafi su raba abin da ya samu. Ta shigo Nijeriya a 1999. A Ingila akwai takwararta, Young Enterprise, da aka kafa a 1962, wadda ta gudanar da wata gasa inda ake ba yaro fam 10 ya juya cikin mako huɗu.

Amma darasin da ya fi kusa da mu daga Tanzaniya yake. A 1967 Shugaba Julius Nyerere ya fito da manufar ilmi don dogaro da kai, ya ce kowace makaranta ta zama tana da gona ko wurin sana'a, kuma yara su sa baki a tsarin aikin da yadda za a kashe abin da aka samu. Manufar ta yi kyau a takarda. Sai dai a makarantu da yawa abin ya koma aikin ƙarfi kawai: yara su yi noma, manya su yi lissafi.

'Yan'uwa, wannan bai tuna muku da wani abu ba? Gonar makarantar nan da ke bayan ɗakunan kwana, wa bai yi huɗa a cikinta ba? Wa bai cire gyaɗa ba? To, wanda ya taɓa sanin buhu nawa aka samu, nawa aka sayar, nawa aka kashe a taki, ya ɗaga hannu. Ba zargin kowa nake ba, malamanmu su gafarce ni, haka zamanin yake. Amma abin da muka koya a gonar nan shi ne yadda ake ɓuya a bayan kunya in firfet ya juya baya. Sa yaro aiki daban, koya masa neman na kai daban. Bambancin shi ne wa ya yanke shawara, kuma wa ke riƙe da littafi.

Ko a yau manhaja ba ta rasa batun ba. Akwai darasin kasuwanci a ƙaramar sakandare tun zamanin 6-3-3-4, kuma a 2011 an sa sana'o'i 34 a manhajar babbar sakandare, aka ce kowane ɗalibi ya zaɓi ɗaya. Amma a yawancin makarantun da na sani, zarton nan ne dai ake ta zanawa a kan allo.

YARA ARBA'IN DA NAIRA DUBU ASHIRIN DA BIYAR

A 2015, saura shekara huɗu in ajiye aiki, ina shugabantar wata ƙaramar sakandaren jeka-ka-dawo a bayan gari. Na ce kafin in tafi sai na rage bashin mabuɗin nan. Na kira malamin kasuwanci, da na lissafi, da malamar tattalin gida. Muka ɗauki yara 40 'yan aji biyu, maza da mata, muka kasa su rukuni biyar, takwas-takwas. Mu huɗu muka yi karo-karo, kowane rukuni ya sami Naira 5,000. Muka ba su zangon farko, daga Satumba zuwa Disamba.

Mako biyu na farko ba mu ba su ko kwabo ba. Muka ce su zaga makaranta da unguwa, kowane rukuni ya tambayi mutum ashirin: me kuke buƙata da ba ku samu kusa, kuma nawa kuke biya yanzu? A mako na uku kowane rukuni ya rubuta tsarinsa a shafi ɗaya: me za su yi, nawa zai ci, nawa za su sayar, wa zai yi me. Suka tsaya suka kare shi a gabanmu, tare da wani dattijon ɗan kasuwa daga cikin iyayen yara. Shi bai yi boko ba, amma tambaya ɗaya in ya yi sai aji ya yi tsit. Rukuni biyu ya mayar, ya ce su sake tunani.

Bayan nan kowane rukuni ya zaɓi shugaba, da ma'aji, da marubuci, da mai sayayya, da mai kula da ciniki. Muka ba su littafi mai shafi biyu, shiga da fita. Kowace Alhamis marubuci ya tashi ya karanta wa aji, ma'aji ya zube kuɗi a kan tebur a ƙirga. In littafi da kuɗi ba su yi daidai ba, ba mai tashi sai an gano inda giɓin yake.

Ga abin da ya faru.

Masu zoɓo su suka fara tashe. Kafin mako uku duk makaranta ta san su. Amma a mako na shida aka buɗe gwangwani ba kome. Ashe bashi suke ta bayarwa ga 'yan aji uku, don suna jin nauyinsu, da kuma wasu malamai, don suna tsoronsu. Saura kuma sun shanye da sunan ɗanɗano. Malaman dai na sa sun biya, amma kusan rabin jarin ya tafi. A rahotonsu na ƙarshe suka rubuta cewa yawan ciniki daban, kuɗi a hannu daban. Akwai manya a zauren nan da sai da suka yi furfura suka gane haka.

Masu kiwon kaji sun sa kuɗin rigakafi a tsarinsu na farko, daga baya suka soke shi don su ƙara yawan kajin. Dattijon nan ya gargaɗe su, suka ƙi ji. Muka ƙyale su. Da sanyin hunturu ya shigo, annoba ta share kajin, sai 'yan kaɗan. Shugabansu ya zo ofishina yana kuka. Na so in sa hannu a aljihu in mayar musu, malamar tattalin gida ta hana ni. Ta ce, "Ranka ya daɗe, in ka biya, ka sayi darasin ka zubar." Da ƙafarsu suka je wurin malamin dabbobi suka tambayi lokacin da ake yin rigakafi da abin da yake ci.

Masu dashen itatuwa sun tsinci ledojin ruwa da aka yar, suka rena zogale da darbejiya a ciki. Ba su kashe wani abin kirki ba, dashen kuma ya yi kyau. Sai dai wa zai sayi dashe a Disamba? Ba su ci ba, ba su faɗi ba. Suka yi ta ban ruwa har damina ta faɗi, sannan suka sayar. Su lokaci ne ya koya musu karatu.

Masu gyaran littattafai sun sayi allura da zare da gam, suka roƙi tsofaffin kwalaye da kalandu, suna ɗinke littattafan da suka yage suna yi musu bango. Abin da suka kashe bai kai Naira 1,000 ba, suka ajiye saura. Su suka fi kowa riba, suka kuma gane cewa iya aiki shi ma jari ne.

Na bar masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a ƙarshe, saboda wata yarinya. Ita ce marubuciyarsu, kuma ba don ta iya lissafi aka zaɓe ta ba, don rubutunta yana da kyau ne. A lissafi kullum tana ƙasan aji. Littafinsu yana nuna riba, suna ta murna. Ran nan dattijon ya leƙa littafin, aka karanta masa, sai ya ce, "'Yata, ban ji kuɗin itace ba." Ta ce ai innarta ke ba su. Ya ce, "Ranar da ta hana fa?" Yarinyar nan ta koma gida ta zauna da fitila. Ta sa kuɗin itace, da na niƙa, da na mota, da na kwalabe. Da safe ta zo ta faɗa wa 'yan rukuninsu cewa kowace kwalba da suka sayar faɗuwa suka yi. Suka ce a ƙara farashi, masu saye suka ce albarka. Sai suka daina sayen gyaɗa mudu-mudu a shago, suka roƙi wan ɗayansu ya yi musu sari a kasuwar ƙauye, da yake kaka ce. Ƙuli-ƙulin kuma suka riƙa ƙulla shi ƙanana da ɗan yaji. Suka fita da riba kaɗan, amma ta gaskiya.

Bayan mako guda malamin lissafi ya shigo ofishina yana dariya. Ya ce yarinyar nan ta tsare shi a bakin aji, wai sai ya sake koya mata yadda ake fitar da kashi cikin ɗari. Ya ce, "Shekara biyu ina bin ta da shi tana gudu, yau ita ke bi na."

Da aka rufe littattafai, rukuni biyu sun ci riba, biyu sun faɗi, ɗaya ya tashi babu ci babu faɗuwa. Abin da ya ɓace daga kuɗinmu bai kai kuɗin ɗinkin babbar riga ɗaya ba. Kuma rahotannin da suka fi ma'ana daga waɗanda suka faɗi suka fito.

ABIN DA ZA A CE

Na san akwai masu shakka, kuma shakkarsu tana da tushe.

Za a ce wannan ai talla ce aka sake wa suna. Dukanmu mun san abin da talla ta yi wa yaranmu, musamman mata, har Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta hana sa yaro talla a manyan tituna. Saboda haka sharaɗinmu na farko shi ne ba yaron da zai ɗauki faranti ya fita ƙofar makaranta. Ciniki a cikin makaranta ake yi, lokacin tara ko bayan an tashi, sai kuma ranar kasuwar makaranta da ake gayyatar iyaye. Mai talla aikensa aka yi, bai san uwar kuɗi ba balle riba. Waɗannan kuwa su ne masu kayan, su ne masu littafin.

Za a ce in yaro ya ɗanɗani kuɗi zai watsar da karatu. Wannan haɗari ne na gaske, ba zan musa ba. Shi ya sa muka ce duk wanda ya yi fashin aji, ko makinsa ya yi ƙasa, a dakatar da shi daga rukuni. Amma ku tuna, yaran nan sun riga sun san kuɗi, suna ganin sa a waya da kan titi. Abin da ba su sani ba shi ne yadda ake samun sa da gumi, da yadda ake riƙe na wani a mayar masa cif. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Za a ce ba kowane yaro ne zai zama ɗan kasuwa ba. Haka ne, kuma ba ma so. Muna son likitoci da injiniyoyi da malamai. Amma bari in yi tambaya, kada kowa ya amsa da ƙarfi. Mu nawa ne a nan muka karɓi kuɗin sallama bayan shekara 35 muna aiki, muka sayi motar haya ko muka gina gidan kaji, kafin shekara biyu babu motar, babu kajin, babu kuɗin? Ni dai ina ciki. Faɗuwar da ya kamata mu yi da Naira 5,000 muna 'yan shekara 13, ita muka yi da guminmu na rayuwa muna da shekara 60. Gara yaro ya faɗi a inda ƙasa take kusa.

ROƘONA GA WANNAN ƘUNGIYA

Na ga a takardar abubuwan da za a tattauna yau akwai batun sake gina ƙofar makaranta. Ban ƙi ba, ƙofa ita ce fuskar gida. Amma mun yi fenti, mun gyara masallaci da ɗakin karatu, mun haƙa rijiyar burtsatse, duk abin da ido ke gani mun taɓa. Ina roƙon a wannan karo mu sa wani abu a inda ido ba ya gani. Abu huɗu nake nema.

Na ɗaya, a ware kashi ɗaya cikin goma na kuɗin ƙofar a buɗe asusun jari na 'yan aji biyu. Ba kyauta ba ce. Rance ne marar ruwa, a karɓa farkon zango a mayar ƙarshensa. In an ci riba a kasa ta uku: kashi ɗaya na yara, ɗaya na aji, ɗaya a ƙara a kan uwar kuɗi. In an faɗi bisa kuskure ba a dukan kowa, ba a bin iyaye, amma sai rukunin ya tsaya gaban aji ya yi bayanin yadda aka yi.

Na biyu, kuɗin kada su zauna a hannun mutum ɗaya. Sai da sa hannun mutum uku za a fitar: wakilin makaranta, da na iyaye, da namu. Malaman da za su ɗauki nauyin aikin kuma a ba su ɗan alawus, domin ƙarin aiki ne, kuma mun san halin da malami ke ciki.

Na uku, kuma wannan ya fi kuɗin wuya, ina neman mutum goma daga cikinmu, musamman 'yan kasuwa da manoma da masu sana'a, waɗanda za su ba da yamma ɗaya a wata. Ba lacca za su yi ba. Su zauna a kan benci su ji littafi, su yi irin tambayar da dattijon nan ya yi. Akwai abokanmu da suka bar makarantar nan ba su da sakamako mai kyau, muka riƙa yi musu kallon waɗanda suka faɗi, yau su ke ɗaukar 'ya'yanmu aiki. Su nake nufi. Wannan aji nasu ne.

Na huɗu, baɗi war haka, a wannan zaure, a ba yaran minti goma sha biyar su karanta mana littafinsu da bakinsu, riba ko faɗuwa. In mun ga abin bai yi amfani ba, mu karɓi kuɗinmu mu ƙara wa ƙofa ado. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Ku kuma 'ya'yanmu da ke can baya, na ga wasunku sun fara lissafi a zuci. Kuɗin ba na sayen alewa ba ne, amana ce, kuma ranar Alhamis za a ƙirga.

Ga malaman da ke aiki yanzu, ni dai abin da zan ce muku kaɗan ne. Kowannenku akwai mabuɗin da aka ba shi. Kayan da suka lalace a hannun yaro yana koyo ba su yi asara ba. Ni na tsare nawa shekara shida, na miƙa su cif-cif, kuma har yau ina jin muryar mutumin nan na tasha.

Shugaban taro, na ci lokaci, a gafarce ni. Ina sake godiya ga malamanmu, Allah ya saka musu da alheri, ya ƙara musu lafiya. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, malamai da abokai, Allah ya jiƙansu. Sakatare yana nan da takarda a bakin ƙofa don mutum goman nan, kuma na riga na rubuta sunana a lamba ta ɗaya, ko da yake ni ba abin da zan koya wa yara sai yadda ake faɗuwa.

Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.